Kason Nakasassu A Asusun Gunduma: Haƙƙi Ne, Amma Sai An Sa Masa Idon Ɗan Kasuwa

Duk mai bibiyar labaran gundumomin arewacin Gana ya saba da wannan hoto: an kafa rumfa a harabar majalisar gunduma, an jera firiza da kekunan ɗinki da injinan niƙa da kekunan guragu, shugaban gunduma ya yi jawabi, an ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. A kusan kowane taro irin wannan akwai gargaɗi guda da ba ya barin bakin jami'ai, wato kada wanda aka bai wa kaya ya je ya sayar da su. Yadda ake ta maimaita wannan gargaɗi shekara da shekaru ya isa ya nuna cewa ana sayarwar. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me zai sa mutumin da ya shafe watanni yana jiran tallafi ya ɗauke shi ya kai kasuwa ya karyar a rabin kuɗinsa?

A ganinmu, sau da yawa ba butulci ba ne. Kayan ne ba su dace da mutumin ba. Kowane ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Aboabo ta Tamale da Paga, ko Bawku da Sinkase, ko Tatale, ya san cewa hajar da ba ta dace da kasuwarta ba kwantai take yi, komai kyanta. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan magana da 'yan kasuwa kai tsaye. Da wuya a sami gidan da babu makaho, ko kurma, ko wanda shan inna ya kama, ko wanda hatsarin babur ya zaunar, kuma galibi ɗan kasuwar gidan ne ke ɗauke da nauyinsa. Wanda ya iya duba buhun masara tun daga baki har gindi kafin ya biya, shi ya fi cancanta ya raka ɗan uwansa wajen zaɓen abin da zai roƙa da kuma wanda zai yi masa aikin.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya wajabta wa gwamnati ta ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, a raba wa majalisun gundumomi duk bayan wata uku. Wannan shi ne asusun bai ɗaya na gundumomi. Tun daga 2005 aka fara cire kashi 2 cikin 100 na wannan asusu domin nakasassu, sannan a zamanin gwamnatin Nana Akufo-Addo aka ɗaga kason zuwa kashi 3. A watan Oktoban 2025, lokacin da Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da shirin karatun manyan makarantu kyauta ga nakasassu, ya yi alkawarin ɗaga shi zuwa kashi 5.

A 2006 majalisar dokoki ta zartar da dokar nakasassu mai lamba 715, wadda ta kafa majalisar ƙasa ta kula da al'amuransu. A 2010 wannan majalisa, tare da haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassun Gana, ta fitar da ƙa'idojin yadda za a riƙa kashe kuɗin. Bisa ƙa'idar, kowace gunduma za ta buɗe wa kason asusun banki na dabam, kuma kwamiti ne zai riƙa duba takardun masu nema, a cikinsa akwai jami'in walwalar jama'a da wakilin ƙungiyar nakasassu. Abubuwan da aka yarda a kashe wa kuɗin sun haɗa da jarin sana'a, da koyon sana'a, da tallafin karatu, da kayan taimako irin su keke da sanda, da rajistar inshorar lafiya.

Ma'anar wannan duka ita ce kuɗin ba sadakar shugaban gunduma ba ne, ba kuma kyautar wata jam'iyya ba. Daga harajin da mai karatu ke biya a bakin iyaka da cikin kasuwa ake tara shi. Wanda ya je nema haƙƙinsa ya je karɓa, ba bara ya je ba.

To amma kada a ruɗi kowa, kuɗin bai kai yawan masu buƙatarsa ba. Ƙidayar jama'a ta 2010 ta ce nakasassu kashi 3 ne cikin 100 na 'yan ƙasa. Da aka sauya salon tambaya a ƙidayar 2021, aka riƙa tambayar mutane ko suna shan wahala wajen gani, ko ji, ko tafiya, ko tuna abu, sai adadin ya tashi zuwa kashi 8 cikin 100 na masu shekara biyar zuwa sama, wato mutum fiye da miliyan biyu. Ga kuma jinkiri, domin ƙungiyoyin nakasassu sun daɗe suna kukan cewa kuɗin ba ya sauka daga Akara a kan lokaci, kuma rahotannin babban mai binciken kuɗi na ƙasa sun sha nuna gundumomin da suka karkatar da kason zuwa wasu hidimomi. Abin da wannan ke nufi ga talaka shi ne, idan layi ya zo kanka yau, mai yiwuwa ne ka daɗe bai sake zagayowa ba. Don haka kuskure a wannan zaɓe yana da tsada.

Ƙofofi huɗu, kowace da aikinta

Kuskuren farko da muke gani shi ne a ɗora wa asusun gunduma nauyin komai. Alhali akwai wasu ƙofofi, kuma mai dabara yana bin su bi da bi.

Ta farko ita ce inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, aka sake mata doka a 2012. Dokar ta ɗauke wa marasa galihu biyan kuɗin shekara, kuma ofishin walwalar jama'a ne ke tantance su. Duk wanda zai fara sana'a da ɗan jari ba tare da katin asibiti a aljihu ba, zazzaɓi ɗaya ya isa ya cinye jarin. Tun ƙarshen 2018 ana iya sabunta katin ta waya da lambar *929#, saboda haka wanda ke kan hanyar fatauci ba shi da uzurin barin katin mahaifiyarsa ya mutu.

Ta biyu ita ce shirin LEAP da aka fara a 2008, wanda ke bai wa gidaje mafiya talauci kuɗi duk bayan wata biyu. Cikin waɗanda aka ware dominsu akwai masu matsananciyar nakasa da ba za su iya aiki ba. Gidan da ke da mutum ɗaya a shirin ya daɗe yana karɓar sidi 64, aka ninka zuwa 128 a 2023, aka sake ninkawa zuwa 256 a 2024. Wannan kuɗin cefane ne da sabulu, ba ya isa jari, kuma ba don jari aka yi shi ba.

Ta uku ita ce makaranta. Dokar 2006 ta ce gwamnati za ta bai wa nakasasshe ilimi kyauta. Akwai makarantar kurame a Savelugu, kan hanyar Tamale zuwa Bolgatanga, da wata a Gbeogo ta jihar Gabas ta Sama. Akwai makarantar makafi ta cocin Methodist a Wa, sannan a Tamale akwai makarantar Yumba ta yara masu jinkirin fahimta. Yaron da aka haifa kurma idan aka bar shi a gida har ya kai shekara goma sha biyu bai koyi maganar hannu ba, an yi masa asarar da babu firizar da za ta maye gurbinta.

Ta huɗu ita ce asusun gunduma. Idan an riga an toshe kafar asibiti, an samu na cefane, yaro yana makaranta, to a nan ne kason zai iya yin aikin da ya fi iyawa, wato ya tsayar da mutum da ƙafafunsa.

Me za a roƙa?

Shekarun baya ana raba 'yan kuɗi ne a hannu, waɗanda kan ƙare cikin mako guda. Daga baya gundumomi da yawa suka koma sayen kaya suna rabawa. Manufar tana da kyau, amma ta haifi wata matsala: mutane suna rubuta abin da suka ga maƙwabcinsu ya samu, ba abin da zai yi masu aiki ba.

Mu ɗauki misalin mace mai larurar ƙafa da ke zaune a ɗakin haya a wata unguwa ta bayan gari, mita ɗaya suke amfani da ita da gidaje biyar. Ta roƙi firiza domin ta ji ana cewa ruwan leda da ƙanƙara suna tafiya a zafin Maris. An ba ta. Ba ta da kuɗin sarin ruwan farko, masu haya sun fara rigima kan kuɗin wuta, kuma a layinsu akwai firiza uku tun kafin tata. Bayan wata biyu za ta sayar, kuma a taro na gaba za a buga misali da ita a matsayin marar godiya. Da a ce wani ɗan uwanta ɗan kasuwa ya zauna da ita kafin ta cike takarda, da ya yi mata tambayoyin da yake yi wa kansa kullum: su wane ne masu saye, su nawa ne ke wucewa ta ƙofarki a rana, nawa za ki kashe kafin ki ga riba, idan abin ya lalace wa zai gyara kuma nawa ne?

Shawararmu ita ce mutum ya roƙi abin da zai ƙarfafa sana'ar da ya riga ya iya, ko ya fara roƙon kuɗin koyo kafin ya roƙi inji. Keken ɗinki a hannun wanda bai gama koyo ba ƙarfe ne kawai a lungu. Makahon da ya saba saƙa igiya ko kujera ya fi buƙatar kayan aiki da wurin zama a kasuwa fiye da injin da bai taɓa taɓawa ba. Wanda ke ƙauye kusa da makiyaya, awaki biyu da bunsuru da kuɗin allurar rigakafi na iya fi masa kwantena a bakin titin da babu mai wucewa. Sannan a rubuta wa kwamiti lissafi a fili: ga farashin kayan a wurin 'yan kasuwa biyu, ga inda zan ajiye, ga abin da nake sa ran samu a mako. Takardar da ke ɗauke da lissafi ta fi wuyar ture wa gefe.

Wa za a bai wa aikin?

A ƙasar Ostireliya, tun 2013 suna da tsarin da ake ware wa kowane nakasasshe kasafinsa, shi kuma ya zaɓi kamfani ko ma'aikacin da zai yi masa hidima, in bai gamsu ba ya sauya. Mu a nan ba mu kai can ba, domin sau da yawa gunduma ce ke sayo kayan. Duk da haka muna da zaɓi fiye da yadda muke zato: wane maigida yaro zai koyi sana'a a wurinsa, wace cibiya za ta auna ƙafar roba, wace ƙungiya za mu ba amana, da kuma ko za mu karɓi kayan da aka miƙo mana ko mu nemi a sauya.

Mu fara da keken guragu, domin a nan ake yawan yin asara. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa keke ba a miƙa shi kamar buhun shinkafa: sai an auna mutum, an daidaita masa, an koya masa amfani da shi, sannan a riƙa bibiya. Keken asibiti mai siraran tayoyi da aka ƙera don daɓen siminti ba ya jure yashi da ramukan unguwanninmu, balle taɓon damina. Mafi muni, wanda ya samu rauni a laka idan ya zauna a keken da babu katifar da ta dace, gyambo na iya fito masa a mazaunai, kuma irin wannan gyambo yana kisa. Don haka tambaya ta farko ga duk mai ba da keke ita ce: za ku auna shi? Ta biyu: idan taya ko boris ya lalace, ana samunsu a wurin masu gyaran keke na Tamale ko Bawku? 'Yan uwanmu na Kano sun daɗe da gane wannan, inda waɗanda shan inna ya nakasa suka kafa ƙungiya suna ƙera keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, da kayan da kowane mai faci ya sani.

Haka batun ƙafar roba da takalman gyaran ƙafa. Cibiyar da ke Nsawam, wadda aka kafa a 1961, ta daɗe tana wannan aiki, tana kuma tura ma'aikatanta rangadi zuwa sassan ƙasar. Asibitin koyarwa na Tamale yana da sashen gashin ƙashi inda za a iya fara neman shawara. Abin lura shi ne yaro yana girma, ƙafar da aka yi masa bana za ta matse shi baɗi. Kafin a biya, a tambayi yaushe za a dawo, ina za a je, kuma nawa gyaran zai ci. Kuɗin mota zuwa kudu da dawowa shi ma yana cikin farashi, kamar yadda kuɗin dako yake cikin farashin haja.

Game da ƙungiyoyi masu zaman kansu, akwai waɗanda aikinsu ya daɗe a wannan yanki kuma kowa ya gani. Shirin cocin Presbyterian na Garu ya yi shekaru yana aiki da makafi da sauran nakasassu a ƙauyukansu, a yankin da makantar da ƙudan kogi ke kawowa ta taɓa korar mutane daga gonakinsu, kafin babban yaƙin da aka yi da cutar daga 1974 zuwa 2002. Ƙungiyar BasicNeeds, wadda ke aiki daga Tamale tun 2002, ta mai da hankali kan masu taɓin hankali da farfaɗiya, mutanen da sau da yawa iyalansu ba su ma san cewa ana lissafa su cikin masu haƙƙin tallafi ba. Amma ga duk wata ƙungiya da ta zo ƙofar gida, ma'aunin ɗaya ne da wanda muke yi wa baƙon dillali: ina ofishinku, ofishin walwalar jama'a ya san da ku, wa kuka taɓa yi wa aiki a garin nan da za mu je mu tambaya? Wanda ya zo ya ɗauki hoton yaro, ya karɓi kuɗin fom, ya ce a jira kira, a yi hattara da shi.

Idan kuma koyon sana'a ne, a je shagon da ƙafa. A duba ko keke zai iya shiga, ko akwai makewayin da yaron zai iya amfani da shi, ko maigidan ya taɓa yaye wani, ko kuwa aike da shara kawai yaran ke yi. A yi yarjejeniya gaban shaidu, kuma kada a biya kuɗin koyo gaba ɗaya a rana guda.

Takardu da batun iyaka

A nan ne abin ya fi shafar masu karatunmu. Kason kowace gunduma na mazaunanta ne. Wanda iyalinsa ke Sagnarigu, wadda aka cire daga Tamale a 2012, ofishin Sagnarigu zai nufa ko da kuwa shagonsa na Paga. Ofisoshi na tambayar katin shaidar ɗan ƙasa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu 'yan zango da aka haifa a nan, aka haifi iyayensu a nan, sukan sha tambayoyi saboda sunayensu. Maganin wannan tun daga haihuwa yake farawa, domin rajistar jariri kyauta ce cikin shekararsa ta farko. Abin takaici, yaron da aka haifa da nakasa shi ne aka fi barin sa babu takarda, ana cewa ai ba inda za shi.

Ga waɗanda suka fito daga ƙetare kuwa, gaskiya ɗaya ce. Al'adar ɗauko makaho ko gurgu daga Nijar ko Najeriya a kawo shi bara kudu ta zama kasada. Tun 1969 dokar Gana ta haramta bara, kuma a watan Mayun 2025 hukumar shige da fice ta kama fiye da mutum 2,000 a titunan Akara, mafi yawansu 'yan Nijar, da yawa mata ne da ƙananan yara, aka shiga mayar da su gida. Najeriya ma ta sa hannu a tata dokar nakasassun a Janairun 2019, ta kafa hukuma dominsu. Kowa ya fi ƙarfin neman haƙƙinsa a inda sunansa ke cikin rajista.

Abin da ya rage mana

Bahaushe bai taɓa barin nakasassu babu shugabanci ba. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, kuma su ne ke sasanta mutanensu da wakiltarsu gaban sarki. A tsarin yau, wannan kujera tana cikin kwamitin gunduma, kuma wanda ke zaune a kanta daga ƙungiyoyin makafi da kurame da masu larurar gaɓoɓi yake fitowa. Muddin mutanen zango ba su shiga waɗannan ƙungiyoyi suna halartar taronsu ba, za a ci gaba da raba kaya su ji a rediyo.

Hukuma ma tana da nata bashin. Dokar 2006 ta ba da wa'adin shekara goma a gyara gine-ginen jama'a yadda nakasasshe zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2016, amma mai karatu ya duba kasuwar da yake zaune ya ƙirga rumfuna nawa mai keke zai iya kaiwa gare su ba tare da an ɗauke shi ba. Muna kira ga majalisun gundumomi su riƙa liƙa wa jama'a adadin kuɗin da ya shigo da yadda aka kashe shi, kuma su riƙa tambayar mutum kafin su sayo masa kaya. Muna kuma kira ga shugabannin kasuwa da sarakunan zango su ware rumfuna na bakin hanya ga waɗanda suka samu jari, domin jari babu wurin zama rabin taimako ne.

Masu fitar da zakka kuma su sani, kuɗin sarin farko da gunduma ba ta bayarwa, ko kuɗin motar zuwa awon ƙafa, su ne sau da yawa ke raba tallafin da ya ɗore da wanda ya koma kasuwa. Ranar kasuwa ɗaya da ɗan uwa zai bari ya raka makahon gidansu ofishin walwalar jama'a, ya taya shi lissafi, ya karɓi rasit, ya koma bibiya bayan wata guda, ta fi sulallan da zai riƙa jefa masa a kwano har shekara goma. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.